Kiɗan jita na dandali: abin da aka faɗa a Barnawa

Daren Asabar, a wani ɗakin naɗar sauti a Barnawa, Kaduna, hira ta kai mu ga jazz mai gauraye da rok, wanda ya taso a ƙarshen shekarun 1960. Wani ƙanenmu mai koyon jita ya tambaya: na situdiyo zai saurara ko na dandali? Kusan kowa ya ce na dandali, domin a nan makaɗi ke ƙirƙira nan take; kiɗa ɗaya ya yi minti shida yau, gobe ya ninka.

Dattijon cikinmu, mai ganga, ya daɗe kan abu guda. "Yaro, fara tambayar daga ina aka ɗauko sautin." Wanda aka ja daga na'urar haɗa sauti yakan fito tas, amma tafin jama'a ya dushe. Wanda aka ɗauka cikin 'yan kallo kuwa yana da rai, sai dai har tarin na kusa za ka ji.

Sauran shawarwarin gajeru ne. A nemi fayil ɗin sauti nau'in FLAC maimakon MP3 in data ta isa, don FLAC ba ya zubar da komai na sautin. A sa abin sauraro a kunne, lasifikar waya cinye bes, wato kakkauran sauti, take yi. Wani ya ce a fara da makaɗin jita John McLaughlin, wanda ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Mahavishnu Orchestra a 1971. Ni dai a ganina Pat Metheny, shi ma makaɗin jita, ya fi saurin shiga kunnen sabon shiga.