Neman Shawara: Wutar Injin Sikiramjet Ta Ƙi Zama

Ɗalibi daga Mabera:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyanci nan Sakkwato, kuma aikin kammalawata a kan injin sikiramjet ne, wato injin jirgin sama wanda iska ke ratsa ɗakin ƙonewarsa da gudun da ya fi na sauti. Sati uku ke nan ina gwada ɗakin a kwamfuta da OpenFOAM, manhajar kwaikwayon gudanar iska. Iska na shiga da ninki 2 na gudun sauti, ina fesa haidurojin, gas ɗin da shi ne man injin, daga bango, wuta ta kama, kafin a ce me ta mutu. Malamina na son sakamako ƙarshen wata, laftof kuwa ta yi zafi kamar dutsen guga. In canza batu ne?

Injiniya daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka canza, ai a nan ilimin yake. Yi lissafi: a injin gaske iskar na gudun da ya haura mita 1,000 a daƙiƙa. In tsawon ɗakin mita 1 ne, ko kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba ta cikawa a ciki. Cikin wannan ƙiftawar ake son mai ya gauraya, ya kama, ya ƙone. Leƙa teburin mai shayi da asuba cikin hunturu, ka ga yadda yake kewaye risho da kwali. Wutarka ba ta da mafaka ne. Haƙa mata rami a bangon ɗakin, gaba kaɗan da inda kake fesa man. Iskar da ta faɗa ramin tana kewayawa a hankali, zafaffen hayaƙi ya zauna ciki kamar garwashi, yana ta kunna sabon haɗin da ke wucewa ta sama. Fara da rami mai tsawo ninki 4 ko 5 na zurfinsa. In ya cika tsawo, iskar sama za ta sauko ta bugi ƙasansa, asarar matsi ta ƙaru.

Malama daga Arkilla:
Ɗana, kafin rami ina da tambaya: ka tabbata man ya gauraya? Ni nan nake zargi. In ka fesa shi a miƙe cikin iskar, zai kutsa sosai, amma igiyar girgiza mai ƙarfi, wato wurin da iska ke matsewa farat ɗaya, za ta tsaya gabansa ta ci maka matsi. In ka bi da shi layi ɗaya da iskar, asarar kaɗan ce, sai dai su jera kamar mai da ruwa har su fice. Shi ya sa wasu ke karkata mafesar da digiri 30, wasu su kafa siririn ƙarfe tsakiyar ɗakin su fesa daga bayansa. Kashe ƙonewar tukuna, ka duba haɗuwar kaɗai. Kuma ka tsaya ga zane mai fuska biyu, wato tsawo da faɗi kawai, laftof ɗinka ta huta.

Wani daga Gidan Igwai:
Kada ranka ya ɓaci. NASA kanta, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da jirgin gwajinta X-43A ya kai ninki 9.6 na gudun sauti a Nuwamban 2004, injin bai wuce kusan daƙiƙa 10 yana ci ba, kuma da sinadarin silen, mai kamawa da kansa in ya sha iska, aka kunna haidurojin ɗin. Wani jirgin gwajin, X-51A, shi ne a 2013 injinsa ya yi kusan daƙiƙa 210 yana ci da man jirgi na JP-7.

Injiniya daga Runjin Sambo:
Malama ta yi gaskiya, gaurayawa ce gaba. Af, ƙanena, zafin iskar da kake shigarwa nawa ne?

Ɗalibi daga Mabera:
Kelbin 300 na sa, Yaya, wato kusan digiri 27 a ma'aunin salshiyas.

Injiniya daga Runjin Sambo:
To ga ɓarawon nan! Haidurojin ba ya kamawa da kansa sai zafi ya doshi kelbin 850. Jirgin da ke wannan gudu, matse iskar a bakin injin kaɗai na dafa ta. Ɗaga shi zuwa 1,000 ko fiye, ka turo mana hoton zafin ɗakin.

Ɗalibi daga Mabera:
Allah ya saka da alheri, Yaya da Malama. Bayan isha'i zan sake ɗora shi, da safe in sha Allahu ku ga hoton.