Sikanin ya ce lafiya, jariri ya yi shuɗi kafin suna: me za mu duba?

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gwaram:

Assalamu alaikum. Likitoci da sistocin da ke nan, ina neman ƙarin haske. Mace za ta yi awo, ta yi sikanin har sau biyu a ce komai lafiya, ta haihu, jariri ya yi kuka ya kama nono, a sallame su. Kafin suna sai a dawo da shi yana haki, ya ƙi nono, harshensa ya yi duhu. In an tura gaba a ce ciwon zuciya ne da aka haife shi da shi. Me ya hana sikanin gani? Kuma mu da ba mu da eko, wato na'urar hoton zuciya, me za mu duba kafin sallama?

Likitan yara, Kano:

Wa alaikumus salam, Malama. Sikanin da ake yi wa yawancin mata na minti biyar ne: kwanciyar yaro, watannin ciki, mabiyiya, ruwa, sai a ga zuciya na bugawa. Bugawa daban, daidaiton halitta daban. Duban zuciyar ɗan tayi ya fi kyau tsakanin mako 18 zuwa 24, kuma dole mai duba ya ga ɗakunan zuciya huɗu, sannan ya karkata na'urar sama ya ga manyan jijiyoyi biyu da ke fita, ɗaya zuwa huhu ɗaya zuwa jiki, suna gitta juna. Wanda ya tsaya a ɗakuna huɗu zai wuce yaron da jijiyoyinsa suka yi musayar wuri, domin ɗakunan nasa lafiya lau suke. Ga shi mata da yawa sai ciki ya kai wata bakwai suke fara awo, lokacin haƙarƙarin yaro ya yi ƙwari yana tare hoton.

Dalilin da ya sa yake fita da lafiya kuwa, akwai wata gajeriyar jijiya da muke kira daktus, tana haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki tun yana ciki. Bayan haihuwa tana tsukewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci ta ɗan jinkirta. Jaririn da hanyar jininsa ta toshe, da wannan jijiyar yake rayuwa. Ranar da ta rufe, ranar jikinsa ke rikicewa.

Kusan jariri 8 zuwa 10 cikin 1,000 ake haifa da matsalar zuciya, kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu nasu masu tsanani ne. Mai ciwon sukari tun kafin ciki, wadda ta taɓa haifar mai ciwon zuciya, wadda ita kanta take da shi, da mai shan maganin farfaɗiya, ku tura su duban zuciyar ɗan tayi tun da wuri, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano misali.

Sista unguwarzoma, Ringim:

Na'urar auna iskar jini ita ce abin hannunku, amma ta jarirai mai naɗewa. Mai matse yatsa ta manya ba ta zama a ɗan yatsan jinjiri, lambar ƙarya take bayarwa.

A auna bayan awa 24 da haihuwa, in ba zai samu ba to dab da sallama. Tafin hannun dama tukuna, sannan ƙafa ɗaya. Dama ake zaɓa saboda jininsa yana rabuwa kafin mahaɗar daktus, na ƙafa kuma bayanta. Jariri ya zama a farke, ba ya kuka. A lokacin hunturu ki fara ɗumama ƙafar a tafin hannunki, ki rufe na'urar da zane saboda hasken rana, ki jira igiyar da ke allon ta daidaita kafin ki rubuta.

In na'urar ta nuna 95 ko sama a duka biyu, bambanci bai wuce 3 ba, ya ci gwajin. Ƙasa da 90 a ko'ina, turawa ce nan take. Tsakanin 90 da 94, ko bambanci ya haura 3, a sake bayan awa ɗaya. In bai sauya ba a tura. Wanda ya faɗi gwajin ba lallai zuciya ba ce, sau da yawa limoniya ce ko ƙwayar cuta a jini, su ma ai ba na zaman gida ba ne.

Kada ki dogara da ido. A baƙar fata shuɗi ba ya nunawa a kumatu, sai harshe da dasashi da cikin leɓe, kuma jariri zai iya zama a 88 ki gan shi garau. Waɗanda aka haifa a gida, ranar da aka kawo su allurar BCG a auna su.

Likita, Dutse:

Sista ta gama magana kan na'ura, sai dai kar a ɗauke ta kamar eko. Nazarin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2012, wanda ya tattara bincike 13, ya nuna tana kama kusan 76 cikin 100 na masu ciwon zuciya mai tsanani. Wanda ta fi wucewa shi ne tsukewar babbar jijiyar jiki. Shi wannan yatsa ke kama shi: ki miƙe cinyar jaririn, ki ɗora yatsa a tsakiyar lanƙwasar da ke tsakanin mara da cinya, ki kwatanta bugun da na hannun dama. In na cinya ya yi rauni ko babu, ki tura ko da na'ura ta ce 98. A sake wannan a rana ta uku da kuma mako na biyu.

Ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur yana kwance shiru, sama da 60 ba daidai ba ne. Rashin jin ƙara a abin sauraron ƙirji ba ya wanke zuciya.

Huda tsakanin ɗakunan zuciya na ƙasa kuma ba ta nunawa a makon farko. Sai wajen mako 4 zuwa 8, in jijiyoyin huhu sun saki, jini ya yi musu yawa: yaro ya tsotsa kaɗan ya saki, gumi ya tsattsafo a goshi, nauyi ya tsaya, a yi ta maganin limoniya tana dawowa. Wannan eko yake bukata. Haka duk jaririn da ke da alamun lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita tana jinkirta girmansa da fahimtarsa, don kusan rabinsu suna da matsalar zuciya.

Ma'aikaciyar lafiya, yankin Gwaram:

Allah ya saka da alheri. To Likita, in an kawo shi ya riga ya galabaita, ga tafiya mai nisa, me za mu yi kafin mota?

Likitan yara, Kano:

Ki ɗumama shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Ki auna sukarin jini, ki sa oksijin in akwai, ki ba da allurar farko ta maganin ƙwayar cuta yadda ƙa'idarku ta tanada, domin a wannan matakin ba a bambance ciwon zuciya da ƙwayar cuta da ido. In yana haki sosai kar a ɗura masa nono ko ruwa a baki, zai shaƙe. Ruwan jijiya ma a yi hattara, yawansa na ƙara wa zuciyar nauyi. Maganin da ke sake buɗe daktus, furostagilandin, sai babban asibiti, shi ya sa ba a kwana ana jira. A takardar turawa ki rubuta awar haihuwa, lambar iskar jini ta hannu da ta ƙafa, yadda lambar ta yi bayan oksijin, da bugun cinya, sannan ki kira asibitin a waya kafin motar ta tashi.