Muhawara: Kundin farko na Animals as Leaders, kiɗa ne ko nuna gwaninta?

Bazazzagi: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makon jiya wani ƙanina ya turo mini kundin farko na ƙungiyar makaɗa Animals as Leaders, wanda kamfanin Prosthetic Records ya fitar a Amurka a 2009, ya ce lallai in saurara tun da mai kaɗa jitar, Tosin Abasi, iyayensa 'yan Najeriya ne, ko da yake shi a Washington aka haife shi. Na saurara sau biyu daga farko har ƙarshe, kuma hukuncina shi ne wannan nuna gwaninta ne aka laƙaba masa sunan kiɗa. Babu muryar mawaƙi ko sau ɗaya, gangunan ma ba hannun mutum ne ya buga su ba, a kwamfuta aka tsara su.

'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam, Yaya. Sauraro biyu ya yi kaɗan a yanke wa irin wannan aiki hukunci. Ni ma ranar farko da na sa abin sauraro a kunne na kunna "CAFO", ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen kundin, na yi ta ƙoƙarin bin bugun da ƙafata, amma duk inda na sa ran zai sauka sai ya goce ya sauka wani wurin, har na cire na ajiye don haushi. Sai a karo na huɗu ko na biyar na lura cewa akwai wata gajeriyar jimlar kiɗa da take tafiya tana dawowa a ƙarƙashin duk wannan gudun yatsu, kuma daga lokacin da kunnena ya kama ta, sauran suka zauna a wurarensu. Salon kundin, wato progressive metal, reshe ne na kiɗan rock mai nauyi, kuma dama haka ya gada, yana sauya ƙidayar bugu a tsakiyar tafiya, ba ya lallashin baƙo.

Bazazzagi: Ƙanwata, idan sai na yi karatu kafin in ji daɗin kiɗa, ai ya zama jarrabawa.

Bakatsine: Malam, akwai wani abu a tarihin kundin da ya saɓa wa zargin da ka yi. Abasi ya fara ne a wata ƙungiya mai suna Reflux, kuma lokacin da kamfanin ya yi masa tayin ya fitar da kundi shi kaɗai, da farko ƙi ya yi, domin yana ganin hakan son nuna kai ne. Sai da ya je Atlanta ya yi karatun kiɗa sannan ya dawo ya karɓi tayin, kuma ko a lokacin bai sa sunansa a matsayin sunan aikin ba. Batun rashin mawaƙi kuwa, jitarsa tsirkiya takwas gare ta maimakon shida da aka saba, saboda haka yana iya riƙe amo mai kauri a ƙasa yayin da yake tafiyar da siririn amo a sama, yana danna tsirkiyoyin da yatsun hannu biyu a kan wuyan jitar. Wannan siririn amon shi ne ya tsaya a gurbin murya. Mu da muka tashi muna jin kalangu yana kiran taken mutum ba tare da makaɗin ya buɗe baki ba, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Bazazzagi: Na karɓi gyara a kan niyyarsa, amma misalin kalangu bai zauna ba, domin kalangu kalmomin da muka riga muka sani yake kwaikwayo, shi ya sa ake gane abin da yake cewa. Sannan har yanzu babu wanda ya taɓo mini maganar ganguna.

'Yar Damagaram: A nan kam ina tare da kai, Yaya, amma rabi. Misha Mansoor na ƙungiyar Periphery ne ya tsara gangunan ya kuma haɗa sautin, kuma duk mai kunne zai ji cewa kowane bugu yana fita da tsabtar da hannun ɗan Adam ba ya yi. Wanda ya saurari kundin Animals as Leaders na 2014, bayan Matt Garstka ya zama mai gangarsu, zai ji kiɗan ya sami numfashi. Sai dai wannan aibi ne na yadda aka ɗauki sautin, bai shafi tsarin kiɗan kansa ba, tun da daga baya mai jita Javier Reyes da mai ganga Navene Koperweis sun shigo ƙungiyar an buga waɗannan kiɗe-kiɗen a gaban jama'a da hannu.

Bazazzagi: To, zan nemi bidiyon da suka buga "CAFO" a gaban jama'a in kalla da daren nan. Idan na ga mai ganga yana zufa a kanta kuma har yanzu ban ji komai a raina ba, gobe da safe za ku same ni a nan a kan bakana.