Keken lantarki da jirgi marar matuƙi a farautar dazukan gwamnatin Amurka

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Lokacin farautar elk, wato babbar barewar nan ta duwatsun yammacin Amurka, ya ƙarato a Kolorado, Montana da Aidaho. Ina neman shawarar masu sani kan abu biyu. Wane keken lantarki ne zai iya shiga daji da kaya ya fito da nama? Sannan ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamarar gano zafin jiki, yana da amfani ko asarar kuɗi ce?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar wane keke, ka fara sanin ƙasar wa za ka taka, domin filin gwamnati a nan ba hukuma ɗaya ke riƙe da shi ba, kuma kowacce da dokarta.

Hukumar gandun daji ta tarayya tana riƙe da eka miliyan 193. A wurinta keken lantarki abin hawa ne mai inji, kamar babur. Inda aka buɗe wa masu inji hanya, nan kawai za ka bi, kuma hanyoyin suna cikin taswirar hanyoyin abin hawa mai inji da ake kira MVUM. Kowane daji da tasa, kyauta ake bayarwa a ofishin gandun, ana kuma saukewa a waya ta manhajar Avenza. Hanyar da ba ta cikin taswirar a rufe take, ko da babu allo a bakinta. A nan mutane suka fi faɗawa: tsohuwar hanyar masu yankan katako da aka datse da ƙofar ƙarfe, mai faɗi, mai laushi, sai mutum ya ɗaga keke ya tsallake. Mai keken feda zalla sau da yawa yana da izinin wucewa, mai batir ba shi da shi. Tarar tana iya kaiwa dala 5,000, ko ɗaurin wata shida.

Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, BLM, kuwa, mai eka miliyan 245, ta fitar da ƙa'ida a 2020, bayan umarnin da sakataren harkokin cikin gida David Bernhardt ya bayar a 2019. Mutane da yawa sun ɗauka an buɗe ko'ina. Ba haka ba ne. An ba manajan kowane yanki ikon buɗe wasu hanyoyin keke ga keken lantarki, in ya bi matakan tsari. Inda bai buɗe ba, tsohuwar doka na nan.

Wurin da aka ayyana dajin da ba a taɓawa a ƙarƙashin dokar 1964 kuma, babu zance. Ko keken feda ba ya shiga, ko amalanken tura nama mai taya. Ƙafa ko doki.

Baban Sadiq:
Hajiya ta gama magana, amma a ƙara dokar jiha a kai. A Aidaho akwai yankunan farauta da mafaraucin manyan dabbobi ba zai yi amfani da abin hawa mai inji ba sai a kan hanyar da babbar mota za ta iya bi. Wato siririyar hanya tana iya zama a buɗe ga mai yawon babur, amma kai da ke ɗauke da bindiga da lasisi ba ta halatta gare ka ba. Littafin dokar farauta na shekarar da ake ciki za a duba, ba na bara ba.

Injiniya Bala:
Malam Habu, kan keken. Dokar ta kasa su aji uku, dukkansu injinsu bai wuce wat 750 ba. Aji na ɗaya sai kana taka feda yake taimaka maka, ya tsaya a kilomita 32 a awa. Na biyu yana da totur, iyakarsa ɗaya da na farko. Na uku feda ne, amma yana kaiwa kilomita 45. Matsalar ita ce kekunan farauta da yawa na kamfanoni irin su QuietKat, Bakcou da Rambo ana sayar da su da inji mai wat 1,000, wanda ya fita daga ajin gaba ɗaya. A hanyar masu inji ba lallai wannan ya dame ka ba, amma a hanyar da aka buɗe wa aji na ɗaya kawai, ya zama laifi. Ka duba takardar da aka liƙa a jikin firam.

In dutse za ka hau, sayi mai inji a tsakiya, wurin feda, irin Bafang M620 mai ƙarfin juyi 160 Nm. Shi yana bi ta giyar keke, don haka a gangare mai tsayi ka sauko giya ta ƙasa, injin ya ci gaba da juyawa da sauri bai yi zafi ba. Mai inji a cikin wilin baya ya fi arha, ya fi sauƙin kulawa, amma in ka ɗora masa kaya a hawa mai tsawo a hankali, wutar da yake ja zafi take komawa, sai ya yanke.

Kada ka yarda da nisan da aka rubuta a talla. Yi lissafinka. Batir mai bolt 48 da amfa 14 yana ɗauke da Wh 672, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa, bolt sau amfa. Kai kilo 80, keke kilo 35, jaka da bindiga kilo 15, an tashi 130. Ɗaga wannan nauyi tsayin mita 600 kaɗai yana cin kusan Wh 210, in aka haɗa da asarar inji ya kai 280, ba a ma lissafa nisan hanya da yashi ba. Ƙara tirela da nama kilo 50, hawan nan ya koma kusan 390. Saboda haka in hanyar dawowa tana da hawa, batir ɗaya ba zai isa ba. Ka shiga da kashi ɗaya cikin uku, ka bar biyu na fitowa.

Danjuma:
Injiniya, ka manta sanyi. Oktoba da Nuwamba a kan duwatsun nan da asuba ruwa ƙanƙara yake zama. Batirin litiyam a sanyi ƙarfinsa raguwa yake, ka ga alamar caji ta faɗi farat ɗaya a tsakiyar hawa. Wannan da sauƙi, in ya ɗumama zai dawo. Abin da ba ya gyaruwa shi ne yi masa caji yana ƙasa da digiri sifiri: litiyam ɗin yana daskarewa a matsayin ƙarfe a jikin farantin ciki, ya rage masa rai har abada, wani lokaci ya jawo gobara daga baya. A cire batir da dare a shiga da shi tanti ko mota, a bar shi ya ɗumama awa biyu zuwa uku kafin a jona caja. Kuma ba a hawa jirgin fasinja da shi, iyakar da ake yarda ita ce Wh 160.

Sai abin da ke lalacewa a hanya. Mai inji a tsakiya sarƙa yake ci, kuma in ta tsinke injin ba shi da amfani, domin ta cikinta ƙarfin yake bi. Dalilin tsinkewar kusan kullum ɗaya ne, canza giya ana cikin murza totur. Sassauta, canza, sannan ka murza. A jaka a sa mahaɗin sarƙa guda biyu daidai da adadin giyar kekenka, abin yanke sarƙa, ƙaramin ƙarfen nan da ke riƙe da na'urar canza giya (reshe ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi, kuma kowane keke da irin nasa), filaya, makullan notoci masu kusurwa shida, famfo mai babban ciki da tif guda ɗaya.

Taya mai faɗin inci 4 zuwa 4.8, iska tsakanin psi 8 da 12 a kan tsakuwa, ƙasa da haka a yashi ko dusar ƙanƙara. In da tirela, ƙara wa ta baya kaɗan kada dutse ya dake ta har rim. A ƙasashen da ke ƙasa-ƙasa masu bushewa akwai tsidau, irin wanda muka sani a gida, ya bazu a yammacin Amurka sosai. Faci ba zai yi maganinsa ba. A cire tif, a zuba ruwan toshe huda kamar mililita 150 zuwa 200 a kowace taya.

Injiniya Bala:
Gaskiya ne. Birki ma a faɗa. Kilo 180 da ke saukowa mita 600, yawancin ƙarfin a birki yake ƙarewa, zafin da ya kusa isa tafasa ruwa lita 3. Birkin mai, mai fistin huɗu, faifai milimita 203 gaba da baya, takalmin birki na ƙarfe. Kada a riƙe shi a matse tun daga sama har ƙasa, man zai tafasa hannun ya tafi fanko. A matsa da ƙarfi, a saki, a tsaya ya huce.

Baban Sadiq:
Kan fitar da nama. Babban namijin elk in an cire ƙashi yana ba da nama kilo 90 zuwa sama da 100. Ba a ɗauke shi a sawu ɗaya. Tirela mai taya ɗaya ta fi bin siririyar hanya, amma kilo 35 zuwa 45 ya ishe ta, fiye da haka sai ta riƙa karkatar da keken. Mai taya biyu ta fi ɗauka, sai dai tana son hanya mai faɗi kuma tana kifewa a gefen tudu. A sa nauyi ƙasa, a ɗaure da ɗamara mai ƙugiya, ba roba ba. Naman a cikin buhun yadi mai shan iska, kada a sa a leda yana da ɗumi. Wanda za a bari a dawo a ɗauka a rataye shi a inuwa, nesa da kayan ciki, saboda beyar.

Kuma kada a bar hanya da keke a nufi inda dabbar ta faɗi. Wasu dazukan Arizona sun yarda da hakan har mil ɗaya don ɗauko elk, amma an rubuta a taswirarsu. Inda ba a rubuta ba, a baya ake ɗauko naman zuwa bakin hanya.

Malam Habu:
Allah Ya saka da alheri. To jirgin fa?

Hajiya Rabi:
Bar kuɗinka a aljihu, Malam. Don neman dabba kafin harbi, a jihohin da ka lissafa haramun ne. Alaska, Kolorado da Montana sun hana tun 2014. Akwai kuma dokar tarayya ta 1971 da ta hana harbi ko firgita dabba daga jirgi, tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Wuraren shaƙatawa na ƙasa sun hana tashin jirgin a 2014, dazukan dokar 1964 ma ba a tashinsa ko saukar da shi a ciki. Ƙungiyar mafarauta ta Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ba ta sa dabbar da aka samu da taimakonsa a kundinta na manyan dabbobin da aka farauto.

Inda ake taƙaddama shi ne neman dabbar da aka riga aka harba. Ohayo ta yarda. Mizuri ta yarda a 2024, da sharaɗin izinin mai ƙasa, kuma kada a riƙe makamin farauta jirgi yana sama. Mishigan ta fassara dokarta ta 2015 da cewa har wannan ta hana, maganar ta kai kotu. Yawancin inda aka yarda gonaki ne na mutane a gabas da tsakiya. A yamma, ka kira jami'in namun daji na yankin ka tambaya, ka rubuta sunansa da ranar.

Ga dokar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, FAA, a kai: rajista in ya kai giram 250, dala 5 na shekara uku, kada ya wuce ƙafa 400, kada ya ɓace wa idonka. In za ka karɓi kuɗi, sai da lasisin tuƙa jirgin na hukumar, wanda ake kira na sashe na 107. Kusa da gobarar daji kuwa ba a tashi sam, jiragen kashe wuta sauka suke yi in sun gan shi.

Danjuma:
Ko doka ta yarda ma, ba ya aiki a dutse yadda ake gani a bidiyo. Jirgin DJI Mavic 3T kyamarar zafinsa mai ɗigon hoto 640 a 512 ce. A gonar masara da aka girbe, cikin dare mai sanyi, barewa tana fitowa fari tas. A dajin itatuwa masu ganye duk shekara, rassa sun rufe ta. Da rana kuma duwatsu sun sha zafi, kowane dutse sai ya yi kama da dabba, don haka sai gab da asuba ko ranar hadari. A tsayin mita 3,000 iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, farfela sai ta ƙara gudu, ga sanyi, minti 45 da aka rubuta ba za a gan su ba.

Kawu Isa:
'Ya'yana, ku koyi bin jini, shi ne abin da ba ya buƙatar caji. Bayan harbi a tsaya, a sa alama a inda aka tsaya da inda dabbar ta shige. Jini mai haske da kumfa huhu ne, minti 30 ya isa a bi. Mai duhu hanta ce, a ba ta awa uku zuwa huɗu. In akwai kore da wari, tumbi aka samu, sai awa shida ko fiye, domin in an matsa mata tashi za ta yi ta yi nisa. A riƙa ɗaura ƙyalle mai haske a kowane ɗigo, in sawu ya ɓace a waiwaya a ga layin da ta bi. Ɗigon da ake shakka a fesa masa ruwan haidurojin na wanke ciwo, jini kumfa yake yi. Jihohi da yawa sun yarda da kare ɗaya a ɗaure da igiya.

Mu kuma akwai abin da ya shafe mu: a Malikiyya, dabbar da aka harba ta ɓace har ta kwana, an karhanta cin ta. Don haka harbin gab da magariba daga nesa a bar shi.

Keken ma ban cika son sa ba. Abin da ya sa elk ke taruwa a can ciki shi ne mutane ba sa iya isa. In kowa ya isa cikin minti 40, za su gangara gonakin masu ƙasa inda ba mai bin su.

Injiniya Bala:
Kawu, a hanyar da babura ke bi dama, keken ya fi su shiru, ba hayaƙi. Can cikin da kake nufi kuma doka ta riga ta rufe. Malam Habu, a ajiye shi kilomita ɗaya zuwa biyu kafin wurin farauta, a ɗaure da kwaɗo a jikin bishiya, a sa alamar wurin a waya. A sauke taswirar tun a gari, can babu sabis. Kafin tafiya kuma a ɗora wa tirela buhun yashi kilo 40 a gwada ta a gangare kusa da gida, a ga yadda birki yake kamawa.

Malam Habu:
Na gode ƙwarai. Danjuma, ruwan toshe hudar nan, yana daskarewa a sanyi?

Danjuma:
Wasu suna yi. A jikin kwalbar ana rubuta iyakar sanyin da yake jurewa, a zaɓi mai kaiwa ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri. Yana kuma bushewa a cikin taya bayan 'yan watanni, don haka a girgiza wilin a saurara, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara.