Hardal ɗin shago zai tsiro, ko sai na nemi iri daban?

Mai Shago Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na jima ina sayar da hulba, habbatus sauda da hardal a Aboabo, nan Kumasi ta Ghana. Tun 2022 da sidi ya faɗi, kuɗin hardal ya hau bai sauko ba, kuma duk wanda nake sarowa daga waje yake zuwa. Surukina ya ara mini rabin eka a bakin rafi wajen Ejura, ina so in gwada shuka shi da sanyin bana. Na cikin buhuna zai tsiro, ko sai na nemi iri na musamman? Akwai wanda ya taɓa shuka shi a ƙasar nan da hannunsa? Jarin shago zan taɓa, shi ya sa nake tambaya.

Ɗan Sawaba: Wa alaikumus salam. Ejura ai ƙasar masara da wake ce. Zuba wake ka huta, Alhaji.

Ɗalibin Noma: Kawu, hardal ɗan gidan su kabeji ne, sanyi yake so. A Indiya, musamman jihar Rajastan, Oktoba zuwa Nuwamba ake shuka shi, a girbe a Fabrairu ko Maris. Iri kaɗan yake ci, kilo 4 zuwa 5 ya ishi hekta guda, ka ga rabin ekarka kilo ɗaya ke nan. Abin tsoron shi ne zafi lokacin fure, in rana ta tsananta furen zubewa yake bai ɗaure ba. Na buhu kuwa, ƙirga ƙwaya 100 ka shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako ka ƙirga waɗanda suka fasa.

Baba Mai Lambu Gyinyase: Tsumman nan da yaron ya faɗa, da na yi shi da babur ɗina yana nan. A da latas ɗinmu mu muke barin 'yan gindi su yi tsawo su yi fure, mu kakkaɓe irin a faranti, mu ɗura a kwalba da toka. Kabeji ne kawai muke saye, don ba ya yin iri a zafin nan. Yanzu komai sai gwangwani. Bara waccan na sayi gwangwanin kabeji uku a wani shago, hoto mai kyau, murfi a rufe. Na gyara wurin reno, na rufe da ganyen kwakwa, kwana goma ina jan ruwa daga rafi da asuba da yamma har kafaɗata ta kumbura. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Da na juya gwangwanin na kankare takardar gindi da farce, sai ga tsohuwar rana a ƙasa, an liƙa sabuwa a kanta. Na koma wurin mutumin, ya ce ƙasata ce ba kyau. Ƙasar da na fi shekara ashirin ina ci a cikinta! Matar kasuwar da ta ba ni kuɗi tun kafin shuka ba ta san wannan zance ba, kayanta take so ko kuɗinta. Babur na sayar na biya ta. Har yau gwangwanayen suna ƙarƙashin gadona.

Hajiyar Kejetia: Allah ya isar maka, Baba. Nawa ka saya?

Baba Mai Lambu Gyinyase: Sidi 350 kowanne.

Ɗan Sawaba: 350? Lokacin nan 200 da 'yan kai na saya wa ƙanena.

Hajiyar Kejetia: Ƙarami ka saya. Ko hardal ɗin ma, makon jiya an ce mini kilo ɗaya sidi 60, na zaga layi na gaba aka ce 110, kuma kala ɗaya ne.

Mai Shago Aboabo: Ba ɗaya ba ne Hajiya, akwai rawaya akwai baƙi. Amma dai tambayata tana nan.

Ɗan Asawase a Kanada: Yaya, ba sidi kaɗai ya ɗaga shi ba. A 2021 fari ya ci gonakin yammacin Kanada, ƙasar da take cikin manyan masu fitar da hardal, har a 2022 aka yi ƙarancinsa a kantunan Faransa. Ni a Saskacewan nake, inda ake noma ɗan uwansa kanola, wanda ake matse mai. Masu bincike na Kanada ne suka gyara shi daga tsohon iri a shekarun 1970. Yau kusan duk gonar da ka gani iri mai aure ne, kowace shekara sai manomi ya sayi sabo, har da takardar da zai sa hannu cewa ba zai ajiye ya sake shukawa ba. Wani manomi, Percy Schmeiser, ya ja da kamfanin Monsanto a kan ajiye irin kamfanin da ya yi ya sake shukawa, har kotun ƙoli, a 2004 aka ba kamfanin gaskiya. Abin da Baba yake kuka da shi na barin kwalba a koma gwangwani, nan ya riga ku faruwa.

Ɗan Sawaba: Mu dai aiko mana da irin biza mu shuka a Sawaba.

Malamin Tafo: Kowa yana ta Indiya da Kanada, an ce wanda ya shuka a nan da hannunsa. Ɗalibi, ka taɓa riƙe fartanya a Ejura?

Ɗalibin Noma: Ban taɓa ba Malam, amma ban faɗi abin da ban karanta ba.

Baba Mai Lambu Gyinyase: Ku bar yaron, shi kaɗai ya kawo abin da za a yi da hannu. Ɗana, in ka shuka ka shirya wa tsutsar kabeji, duk danginsu take bi.

Malamin Tafo: Shi kuwa mai liƙa takarda, Alƙur'ani ya ce ko gwargwadon ƙwayar hardal za a kawo ta kan ma'auni. Shi gwangwani uku cif zai tarar.

Hajiyar Kejetia: Alhaji, ni abin da zan ce, aron filin nan a rubuta shi. Mijin yayata shekara bakwai yana gyara fili da kashin kaji, ranar da ƙasa ta yi baƙi sai ga tifa ta juye yashi a kan albasarsa, wai an sayar za a yi gini.

Baba Mai Lambu Gyinyase: Kin taɓo inda ke mini ciwo. Inda na fara lambu yanzu ɗakunan haya ne na ɗalibai. Kullum tura mu ake zuwa bakin kwata, sannan a ce ruwanmu ba tsabta.

Mai Shago Aboabo: Na yi tsumman. Yau kwana huɗu, 38 sun fasa. In ƙara jira ne ko in haƙura?

Ɗan Sawaba: Hajiya, shi mijin yayar taki an biya shi kuɗin albasar kuwa?

Hajiyar Kejetia: Wa zai biya? Ko awa ɗaya ba su ba shi ba ya tuge.