psycopg2 ya ƙi sauka a Ubuntu 24.04, yana ta neman pg_config

Hauwa_Zariya:
Assalamu alaikum. Ina haɗa manhajar ajiye sakamakon ɗalibai da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da Python), rumbun bayanan, wato PostgreSQL, kuma yana cikin Docker (manhajar da ke killace shi daban da sauran kwamfutar), lafiya lau yake aiki. Amma da na buga pip install psycopg2 a cikin venv (keɓaɓɓen muhallin Python na aikin) don in sauke abin da ke haɗa Django da PostgreSQL, sai ya tsaya ya ce "pg_config executable not found". Shin sai na sake saka PostgreSQL gaba ɗaya a kan kwamfutar? Data ta yi min tsada, kuma ranar Litinin shugabar makaranta ke jiran ganin aikin. Don Allah a taimaka.

Malam_Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. A'a, ba sai kin saka shi ba. Wani ɓangare na psycopg2 da C aka rubuta shi, pip, mai sauke kayan Python, kuma a kan kwamfutarki yake harhaɗa shi. Shi pg_config shi ne ke gaya masa inda kayan libpq (laburaren da ake magana da PostgreSQL da shi) suke, na cikin Docker kuwa pip ba ya ganinsa. Buga wannan:
sudo apt install libpq-dev

Hauwa_Zariya:
Na gode Malam. Wancan ya wuce, yanzu kuma cewa yake "Python.h: No such file or directory".

Malam_Sani:
Kin kusa. Saura kayan Python ɗin kansa da gcc, mai harhaɗa C:
sudo apt install python3-dev build-essential
Sai ki sake buga pip ɗin.

Abba_Maradi:
Hajiya, ai da kin huta da duk wannan. pip install psycopg2-binary kawai, an riga an harhaɗa shi.

Malam_Sani:
Abba, don gwaji ba laifi. Amma wannan sakamakon yaran mutane ne za a ɗora a sabar. Binary ɗin da nasa libpq da libssl (ɓangaren OpenSSL mai tsare sadarwa) yake zuwa, in Ubuntu ta toshe wata kafar tsaro a OpenSSL, apt upgrade ba zai taɓa nasa ba. Su kansu masu psycopg2 sun ba da shawarar a harhaɗa shi in aikin gaske ne. Malama, tunda sabon aiki ne, ki duba psycopg 3 ma, Django ya karɓe shi tun daga 4.2.

Hauwa_Zariya:
Alhamdulillahi, ya sauka, migrate mai shirya teburan bayanai ma ya tafi. Allah ya saka muku da alheri. Zan bar psycopg2 ɗin har bayan Litinin. Malam, in na koma psycopg 3, sai na canza ENGINE a settings.py?

Malam_Sani:
Ba sai kin canza ba, django.db.backends.postgresql ɗin nan dai shi ne.