"Da ɗan gari akan ci gari" yabo ne ko zagi?

Baban Hanifa: Jama'a ku raba mana gardama, karin maganar nan ta dace da Eric Pickles na Birtaniya? Mutumin nan shi ne shugaban ƙaramar hukumar Bradford daga 1988 zuwa 1990, ya shiga majalisar dokoki a 1992, sai a 2010 Firayim Minista David Cameron ya ba shi ministan ƙananan hukumomi daidai lokacin tsuke bakin aljihu, kuma a hannunsa aka zaftare kuɗin da gwamnati ke ba su. Ni dai a ganina ɗan gari aka ɗauko aka ci garin da shi.

Dattijon Kurmi: Maganar ai ta zamanin yaƙi ce ɗana. Gari mai ganuwa ba ya ciwuwa sai an samu na ciki ya nuna ƙofar da ba a tsaro. Shi ya sa idan aka faɗe ta a wannan sigar akwai ƙamshin cin amana. Amma ɗan kasuwa in ya sauka baƙon wuri ya nemi dillali shi ma ita yake faɗa, kuma ba zagi yake ba.

Maman Ummi: Baba ni fa a nan nake ja, cin amana sai in mutum ya juya baya ko? Pickles bai canja ba wallahi, tun yana Bradford abin da ya yi kenan, ya rage kashe kuɗi ya miƙa wasu ayyuka ga 'yan kasuwa, alhali ma rinjayen jam'iyyarsu a ƙaramar hukumar da ƙuri'ar raba gardama ta magajin gari aka same shi. Wanda ya yi a gida ya je sama ya maimaita wa ya ci amana? Ni "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo" zan ce, shi ne fa ya sa ƙananan hukumomi su riƙa wallafa duk abin da suka kashe da ya haura fam 500.

Baban Hanifa: To Hajiya ya san inda ke yoyo, ya toshe ne ko kwanon ya yaye? Hukumar Audit Commission mai binciken kuɗinsu ma shi ya sanar za a rushe ta.

Dattijon Kurmi: Hajiya taki ba ta zauna ba, ana faɗar wannan ne ga mai matsala da ke cikin ɗakin har yanzu ruwa na zuba masa, shi ko shekara 20 da barinsa.

Ɗan Zongo: Hhhh ku tsaya ma tukuna, haifaffen Keighley ne a Yorkshire amma kujerar da ya riƙe har 2017 ta Brentwood da Ongar ce can Essex a kudu, yanzu kuma yana majalisar dattawan Lords tun 2018. Ɗan wane garin ake magana?

Maman Ummi: Garin a nan ƙananan hukumomi ne malam, ba Bradford ba.